Allurar Ƙyanda: Lissafin Nijeriya da Yaran Bakin Iyakar Bagudo

Kowace shekara, daga shigowar hunturu har zuwa tsakiyar bazara, ciwon ƙyanda yakan zaga garuruwa da ƙauyukan Arewa. Mutanenmu suna kiransa baƙon dauro, sai ka ce wani baƙo ne wanda ba makawa sai ya sauka a kowane gida. Da can haka abin yake, gama ba wanda ya san hanyar tare shi. Amma yau fiye da shekara 60 ke nan da samun allurar da ke hana shi, kuma kyauta ake yin ta a asibitocin Gwamnati. Duk da haka binciken da aka yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran Nijeriya ba a yi musu ita ba.

To, ina dalili? Domin amsa wannan tambaya za mu bi lissafin ƙasa daga farko, sa'an nan mu je Bagudo cikin Jihar Kebbi, a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, mu ga yadda lissafin nan yake a ƙasa. Maganar ta shafi akawunan hukuma da malaman makaranta ƙwarai, domin rabin aikin nan na allura ne, rabi kuwa na alƙalami.

Halin ciwon

Tun fiye da shekara dubu da suka wuce wani babban likita Musulmi, Abubakar Ar-Razi, mutumin Farisa, ya rubuta littafi ya bambanta ƙyanda da agana. Bayan zamaninsa aka gano cewa wata ƙwayar cuta ce, wadda ido ba ya gani, take kawo ta. Tana fita daga numfashin mai ciwo da tarinsa, kuma takan zauna cikin iskar ɗaki har sa'a biyu bayan ya fita. In mutum goma waɗanda ba su da kariya suka zauna kusa da shi, tara za su kamu. A inda ba a yi wa kowa allura ba, yaro ɗaya yakan shafa wa mutum 12 zuwa 18. Cikin cututtukan 'yan Adam da wuya a sami mai saurin yaɗuwa kamarta.

Ciwon yakan ɓuya kwana 10 zuwa 14 a jiki. Sa'an nan zazzaɓi ya taso, da mura da tari da jan ido, daga baya ƙuraje su feso daga fuska su gangara. Abin lura shi ne, yaro yana fara shafa wa wasu tun kwana huɗu kafin ƙurajen su fito, watau tun uwarsa tana zaton mura ce, tana goye da shi a kasuwa da gidan biki.

Ƙurajen da kansu ba safai suke kisa ba. Abin da ke biyo bayansu shi ne masifa: ciwon huhu, da zawo mai ƙarar da ruwan jiki, da ciwon kunne, da kumburin ƙwaƙwalwa, da makanta. Yaron da ke fama da tamowa shi ya fi shiga haɗari. Har wa yau masana sun tabbatar a 2019 cewa ƙyanda takan shafe wani sashe na kariyar da jikin yaro ya riga ya tara, ta bar shi a buɗe ga wasu cututtuka bayan ya warke. Kafin allura ta wadata, ciwon yana kashe mutum wajen miliyan biyu da dubu 600 kowace shekara a duniya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 107,500 ya kashe, galibinsu 'yan ƙasa da shekara biyar.

Yadda allurar ta zo mana

A 1954 John Enders da Thomas Peebles suka ware ƙwayar cutar a birnin Boston na Amurka, a 1963 kuma aka ba da izinin amfani da allurar. Nijeriya tana da hannu cikin wannan aiki, gama a 1960 an gwada ta ga yara a ƙasar Ijesha ta Yamma, inda Likita David Morley yake aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile. Shi ne ya nuna wa likitocin Turai cewa ciwon da suke ɗauka ƙarami a can, a nan babban makashin yara ne.

A 1967 aka fara babban aikin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe wajen 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon Amurka. Nijeriya tana ciki, Dahomi ma tana ciki, watau ƙasar da ta koma Benin a 1975. Dattawa suna tuna ma'aikatan nan masu yawo gari gari da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ake takawa da ƙafa. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, sanƙira ya yi shela, jama'a su yi layi a ƙofar fada. A 1970 aka ga ƙarshen agana a Nijeriya, a 1980 kuma aka yi shelar ta ƙare a duniya duka.

Ƙyanda kuwa ta lafa kaɗan ta dawo. Ko Gambiya, wadda ta tsai da ita sarai na 'yan shekaru, ta sake ganinta bayan taimakon ya ƙare. Dalili a fili yake. Ayarin masu allura yana wucewa sau ɗaya, mata kuwa kullum haihuwa suke yi. Duk jaririn da aka haifa bayan tafiyar ayari sabon itace ne aka ajiye wa wuta. Wannan darasi na farko ke nan, kuma za mu ga an sha manta shi.

Hawa da saukar lissafi

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin yi wa yara allurar rigakafi a kai a kai. Nijeriya ta shiga a ƙarshen shekarun 1970, ta sake ɗaura ɗamara a 1984. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an yi ƙoƙari ƙwarai, an buɗe ɗakunan shan magani, an sa niyyar kai wa yara 80 bisa ɗari a 1990. Rahoton hukuma na lokacin ya ce an kai wajen haka. Amma da masu bincike suka shiga gida gida a wannan shekara, suka duba katin yara suka tambayi iyaye mata, sai suka sami 46 bisa ɗari ne aka yi wa allurar ƙyanda.

Irin wannan bincike na gida gida an yi ta maimaita shi. Yaran da ake dubawa su ne 'yan wata 12 zuwa wata 23, domin a wata tara ake yin allurar, saboda haka duk wanda ya cika shekara ya kamata a ce ya samu. Ga abin da aka samu a ƙasa duka:

1990, yara 46 bisa ɗari.
1999, yara 41 bisa ɗari.
2003, yara 36 bisa ɗari.
2008, yara 41 bisa ɗari.
2013, yara 42 bisa ɗari.
2018, yara 54 bisa ɗari.
2021, yara 60 bisa ɗari.
2023 zuwa 2024, yara 51 bisa ɗari.

Mai karatu ya lura, ba hukuma ɗaya ce ta yi binciken nan duka ba, saboda haka ba a auna su da juna kamar awon mudu. Amma hanyar da suka bi a bayyane take. An gangara shekara 13, an tsaya cik wajen shekara 10, an hau, an kuma ɗan zame. Cikin shekara 30 da 'yan kai ba a taɓa kusantar abin da ake bukata ba, watau 95 bisa ɗari.

Kowane hawa da kowace sauka da dalilinsa. A shekarun 1990 kuɗi ya yi ƙaranci, taimakon waje ya janye, firji suka lalace, har akan je asibiti a tarar ba ruwan allura. A 2003 aka shiga rigimar allurar shan inna, wadda ta sa Jihar Kano ta dakatar da ita har watan Yuli na 2004. Zargin da aka yi wa allura ɗaya ya shafi sauran. A farkon 2005 aka yi annobar ƙyanda a Arewa, aka ba da rahoton fiye da mutum 20,000 sun kamu, ɗaruruwa sun mutu. A watan Disamba na wannan shekara aka yi gangamin yi wa yaran Arewa allura, 'yan wata tara zuwa shekara 14, a 2006 aka yi na Kudu. Daga nan aka riƙa maimaita gangami bayan shekara biyu ko uku.

Gangami yana ceton rayuka, ba shakka. Sai dai allurar yau da kullum ta asibiti ta zauna wajen 42 bisa ɗari har binciken 2016 zuwa 2017. Abin ya tayar da hankalin hukuma, har a 2017 Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta kafa dokar ta-ɓaci a kan allurar yara. Sarakuna ma sun riga sun shigo ciki tun 2009, lokacin da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya zo ya shugabanta. Hawan da aka gani a 2018 da 2021 ya biyo bayan waɗannan matakai. A 2019 da 2020 aka shigo da allura ta biyu a wata 15. A watan Oktoba na 2025 kuma aka fara gangami mafi girma, wanda aka nufi yara wajen miliyan 106 da shi, aka haɗa allurar ƙyanda da ta rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus.

Lissafin ɗan aji huɗu

Bari mu yi wani ɗan lissafi wanda kowane malami zai iya rubutawa a allo. Jariri yana zuwa duniya da kariyar da ya samu daga uwarsa, tana raguwa wata bayan wata. In aka yi allura da wuri ƙwarai, kariyar uwa takan hana ta kamawa. In aka jinkirta, ciwon ya riga ta. Shi ya sa aka zaɓi wata tara. A wannan lokaci, cikin yara 100 da aka yi wa, wajen 85 take kamawa. Sauran 15 su ne dalilin allura ta biyu.

To, a ce wani gari ana haihuwar yara 100 a shekara, ana kuma yi wa 54 allura sau ɗaya, kamar lissafin ƙasa na 2018. Waɗanda ta kama su ne 46. Saura 54 ba kariya. Shekara ta biyu a ƙara 54, ta uku haka, ta huɗu haka. Cikin shekara huɗu an tara yara 216 a gari ɗaya suna jiran ranar da wani zai shigo da tari. Wannan ne ya sa annoba takan yi shiru shekara biyu ko uku, jama'a su saki jiki, sa'an nan ta ɓarke gaba ɗaya. Shirun nan tara itace ne.

Abin da jimla take ɓoyewa

Lissafin ƙasa matsakaici ne. In mutum ɗaya ya ci tuwo malmala huɗu, ɗan'uwansa ya kwana da yunwa, akawu zai rubuta kowa ya ci biyu, kuma bai yi ƙarya ba. Haka lissafin allura yake. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Kebbi take, binciken 2003 ya sami yara wajen 16 bisa ɗari ne aka yi wa allurar ƙyanda. A 2008 wajen 20, a 2013 wajen 22, a 2018 wajen 39. In aka dubi yaran da suka kammala dukan allurorin farko a 2018, Jihar Anambra ta sami 76 bisa ɗari, Sakkwato 5, Kebbi ma ba ta kai 10 ba.

Sai malami ya koma allo da 22 a maimakon 54. Waɗanda allura ta kama 19 ne, saura 81, cikin shekara huɗu 324. Yaron Bagudo da yaron Anaca ƙasarsu ɗaya, lissafinsu ɗaya a littafin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma haɗarin da ke kansu ba ɗaya ba ne ko kusa. Haka kuma cikin jiha ɗaya, Birnin Kebbi dabam, tungar masunta dabam.

Bagudo da maƙwabtanta

An yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991. Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin Masarautar Gwandu, kogin Kwara ya ratsa ta. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum dubu 230 a cikinta. Bayan garin Bagudo akwai Zagga da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, da ƙauyuka da tungaye da rugage masu yawa. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana, daga Lolo kuwa ana fita Madekali da Malanbil, duka cikin lardin Alibori na Benin, wanda babban garinsa Kandi.

Iyakar nan Ingila da Faransa suka shata ta, bisa yarjejeniyar 1898 da gyare-gyaren da suka biyo baya. Ta bi ta tsakiyar dangi. Dandawa da Kyangawa da Busawa da Zabarmawa da Filani da Hausawa suna nan, suna can. Kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, suna gaisuwar mutuwa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, amma ba wanda ya taɓa tsai da ƙwayar cuta a shingen kwastan. An ga misali a 2003 da 2004, lokacin da shan inna ta tashi daga Arewacin Nijeriya ta shiga Benin da wasu ƙasashe waɗanda suka riga suka rabu da ita. Benin ma da sauran aiki gabanta, gama bincikenta na 2017 zuwa 2018 ya sami yara wajen 68 bisa ɗari ne aka yi wa allurar ƙyanda. Kowane ɓangare yana iya kunna wa ɗaya wuta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai abubuwa huɗu da ke sa yaron bakin iyaka ya kuɓuce wa allura. Na farko, al'adar goyon ciki da wankan jego. Yarinyar da aka auro daga ƙetare takan koma gidan iyayenta ta haihu, ta yi watanni a can. Allurorin farko a can ake yi, katin kuma da Faransanci yake. Da ta dawo ɗakinta, malamin asibitin nan ba ya iya karanta shi, ko kuwa ta baro shi can. Asibitin can sun ga ba ta dawo ba sun cire rai, na nan kuwa ba su taɓa rubuta sunan yaron ba. Wata tara ya zo ya wuce ba mai nemansa.

Na biyu, tafiya. Makiyaya suna tashi da rani neman ruwa da ciyawa, masunta suna bin kifi, 'yan ci-rani suna fita da iyali, kuma lokacin nan shi ne lokacin ƙyanda. Na uku, hanya. Da damina Kwara takan cika ta yanke ƙauyuka, kamar ambaliyar 2020 wadda ta yi ɓarna mai yawa a Kebbi, sai da kwalekwale ake kai wa wasu wurare. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro a dazuzzukan iyaka, ta nan da ta can, ya ƙara wa ma'aikata wahalar fita.

Na huɗu, halin ruwan allurar kansa. Dole a ajiye shi cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8, tun daga babban sito har hannun mai yi. Ya daɗe yana zuwa a kwalba mai isar yara goma, kuma da zarar an haɗa shi, abin da ya rage bayan sa'a shida zubarwa ake yi. Saboda tsoron asara, ma'aikaci yakan ce wa uwar da ta zo ita kaɗai ta dawo ranar da yara suka taru. Matar da ta yi tafiyar sa'a biyu a ƙasa, ta bar girki da surfe, da wuya ta dawo. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ita ce a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya ne, gama ruwan da aka zubar ana sayen wani.

Inda alƙalami yake ruɗin mai shi

Akawu ya san kowane kaso yana da sama da ƙasa. A sama ana rubuta yaran da aka yi wa allura, a ƙasa yaran da ya kamata a yi wa. Lambar ƙasa ita ce mai wuya. Daga 2006 har 2025 ba a sake ƙidayar jama'a a Nijeriya ba. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tsohon adadi a ƙara masa kaso kowace shekara, sa'an nan a ce kashi 4 bisa ɗari na jama'a su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya. A tsakiyar ƙasa ma kintace ne, balle a bakin iyaka.

Ga misali. A ce an rubuta wa wani ɗakin shan magani yara 200 a takarda. Ma'aikaci ya yi wa 190, ya aika rahoton 95 bisa ɗari, aka yaba masa. Amma 60 daga cikinsu daga ƙetare aka kawo su ranar kasuwa, kuma yaran yankin na gaskiya 260 ne, saboda rugage da tungayen da takarda ba ta san da su ba. Ashe 130 aka yi wa cikin 260, watau rabi. Ba wanda ya yi ha'inci, amma yara 130 sun ɓace cikin lissafi. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa rahoton ofis da binciken gida gida suke saɓawa, kamar yadda aka gani a 1990.

Kada a fahimci cewa laifi ne a yi wa yaron ƙetare allura. Alheri ne, kuma kariya ce gare mu. Abin da ake so shi ne a rubuta garin kowane yaro, domin a san na gida nawa suka rage.

Aikin akawu da malami

A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin haraji ya san yawan magidantan kowace unguwa, malamin jangali ya san yawan shanun kowace ruga. Ƙasar da ta iya ƙirga shanu ba za ta kasa ƙirga jarirai ba. Ba a suna a gari mai unguwa da liman da wanzami ba su sani ba. In kowane mai unguwa yana da littafi, ana rubuta sunan jariri da na mahaifinsa da ranar suna, akawun hakimi yana tattarawa kowane wata yana miƙa wa malamin asibiti, to lambar ƙasa ta samu. Daga ranar suna a ƙirga wata tara, a ƙirga wata 15, an san ranar da za a nemi kowane yaro. A haɗa da Arɗo da Sarkin Ruwa, domin su suka san inda jama'arsu suka sauka. Yaron da aka haifa a ƙetare kuma a rubuta shi ranar da uwarsa ta dawo.

Katin Faransanci ba abin tsoro ba ne. Kalmar rougeole ita ce ƙyanda, a kan kati kuma akan rubuta VAR ko RR. Duk malamin da ya san wannan ya iya taimakon maƙwabcinsa. In kati ya ɓace, ba a kuma tabbata an yi ba, a yi. Ƙarin allura ba ya cutar da yaron da ya riga ya samu. Ya kamata kuma ma'aikatan Bagudo da na Segbana da Malanbil su san juna, su riƙa sanar da juna in ciwo ya ɓulla, su daidaita ranakun fita, musamman ranakun kasuwa.

Malamin makaranta kuwa yana da ƙofar da likita ba shi da ita. Kowane almajirinsa yana da ƙane ko ƙanwa a gida. Ranar ɗaukar sababbin yara ya nemi ganin kati, wanda ba shi da shi a tura shi asibiti, kada a kore shi. Ya sa 'yan manyan aji su rubuto watannin ƙannensu, su yi lissafin ranar allura, ya zama darasi. In yaro ya zo da zazzaɓi da jan ido, a mai da shi gida, a sanar da asibiti a ranar. Ya gaya wa iyaye cewa ɗan zazzaɓin da wasu yara kan yi bayan mako guda da allura ba ciwon ba ne, yana wucewa. Ya gaya musu kuma, yaron da ya kamu a ci gaba da ba shi nono da ruwa da abinci, kada a ɗiga masa kome a ido sai abin da likita ya bayar, a kai shi a ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe, gama yana tsare ido yana rage mutuwa. Malaman makarantun allo da na Islamiyya ma a je musu da girmamawa, a yi musu bayani, domin maganarsu tana da nauyi a gidaje.

Gangamin 2025 ya share itacen da aka tara, gwargwadon yaran da ya kai gare su. Amma tun ranar da aka naɗe shi ake ta haihuwa a Illo da Ka'oje da Tsamiya, kuma kowane ɗaya daga cikin jariran nan zai cika wata tara ko ayari ya zo ko bai zo ba. Abin da ya faru bayan 1970 da bayan 1990 da bayan 2005 ya isa ya zama gargaɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lissafin da za a buga wa Nijeriya nan gaba, daga littafin mai unguwa da rajistar ɗakin shan magani zai fito, suna bayan suna. Wanda yake riƙe da alƙalami a bakin iyaka ya tabbata bai tsallake kowa ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.